Yadda Intanet Ya Shiga Ɗakin Mahaifiyarku

Akwai labarin da kuke ba 'ya'yanku a gidan nan wanda ba haka ya faru ba, kuma laifina ne da na bar shi ya daɗe yana yawo. Kuna cewa a shekarar da mahaifiyarku ta kwanta, ni na haɗa mata intanet a ɗakinta da hannuna, har likita ta riƙa duba ta daga Abuja ba tare da an ɗaga ta daga unguwarmu ta Gobarau ba. Ranar sunan ɗiyar Abba na ji wani yana gaya wa baƙi cewa ai tsohon ma'aikacin waya ba ya manta aikinsa. Na yi murmushi, na gyara zaman hulata, na karɓi yabon. To, yanzu na kai shekarun da mutum ba ya son ya tafi da abin da ba nasa ba, don haka ku saurara ku ji yadda aka yi.

Kun san shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin wayar tarho. Babu falwayar da ban hau ba daga Ƙofar Ƙaura har ƙauyukan da ke bayan gari. Ni a wurina magana ba ta tafiya sai a kan waya, wayar da za ka kama da hannu, ka bi ta taku-taku har ka gano inda ta tsinke. Da wayar hannu ta shigo, aikinmu ya mutu muna kallo, aka sallame mu. Ban taɓa yafe wa abin ba. Har yau in ɗayanku ya ɗaga waya sama yana zagaya tsakar gida wai yana neman sabis, raina yakan ɓaci, in ce a raina dubi abin da aka musanya mu da shi.

Farkon damina ne ciwon ya sami mahaifiyarku. Tana dama koko da safe ludayi ya suɓuce mata, ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta zube. Mako uku muka yi a asibiti. Aka sallamo mu da ɓarin dama a shanye, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito. Abba, da yake shi ne babba kuma a Abuja yake aiki, ya kai takardunta wurin wata likita a can wadda aikinta ke nan, koya wa masu irin wannan ciwo motsa gaɓa da magana. Likitar ta ce watannin farko su ne komai, in aka bari suka wuce, hannun da harshen sun tafi ke nan. Abba ya zo da mota ya ce a shirya kaya. Ba zan manta ba, da mahaifiyarku ta gane abin da ake nufi, sai ta miƙa hannun hagu ta damƙe ƙarfen gado, ta ƙi saki. A ɗakin nan aka kawo ta tana amarya, a nan ta haife ku duka. Kullum da hantsi matan unguwa sukan shigo gaisuwa, su zauna su ba ta labarin gari, tana bin su da ido. A Abuja hawa na uku Abba yake, kuma shi da matarsa duk fita aiki suke yi. Ni na san in aka kai ta can za a gyara mata hannu, amma kaɗaici zai gama da ita.

Likitar, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta kawo mafita. Ta ce za ta riƙa ganinta ta kwamfuta sau uku a mako, wani a nan ya riƙe mata hannu yana bin umarni. Sharaɗinta ɗaya, kada hoto ya riƙa tsayawa, domin motsin leɓe da na yatsu take kallo. Abba ya yarda, amma da nasa sharaɗin.

"Baba, wata ɗaya. In abin nan bai yi ba, don Allah ku bar ni in zo in ɗauke ta."

"Kai, ni za ka koya ma haɗa waya?" na ce masa. "Tun ba a haihe ka ba nike hawan falwaya."

Ya aiko da rauta, wato ɗan akwatin nan da ake sa wa layi ya jawo intanet ya raba. Mustafa kuma, ƙanen Abba, ya kawo tsohuwar kwamfutar shagonsa, irin mai babban gilashi, aka girke ta a gaban gado. Sai gidan ya nuna mana halinsa. Kakana ya yi ginin nan da ƙasa, kaurin bangon ya fi kamu biyu. A ɗakin mahaifiyarku ko kiran waya da ƙyar yake shiga. Rautar ba ta samun sabis mai ƙarfi sai a ɗan benen da ke saman zaure, daga can kuwa zuwa ɗakinta sai ka ratsa tsakar gida gaba ɗaya. Da na ga haka, wallahi daɗi na ji. Na ce yau ga ranar waya ta dawo.

Na fito da filayata da ta yi shekaru a akwati, na sayo wayar intanet. Mai shagon ba shi da doguwa guda ɗaya, sai na karɓi guntaye biyu, na ce haɗi ai ba baƙona ba ne. Na feɗe bakin kowace, na tarar da 'yan siraran wayoyi takwas, na murɗe su launi da launi kamar yadda muke yi a da, na naɗe da baƙin salatif. Na bi da ita jikin bango tare da wayar lantarki, ta ƙarƙashin indararo, har ɗaki. Na sauko daga tsani ina karkaɗe hannu, ina jin kaina kamar ɗan shekara talatin.

Zaman farko, likita ta ce, "Hajiya, buɗe baki ki ce a," sai fuskarta ta daskare a gilashi, bakinta a buɗe. Muka jira, ta dawo, ta sake daskarewa. Zama na biyu an kwana ana ruwa, kwamfutar ma cewa ta yi babu intanet sam. Na ɗora laifin a kan kamfanin layi, na ɗora a kan hadari, na ɗora a kan mai shago. Kullum da safe ina kan tsani, in kwance haɗin, in goge, in sake murɗewa. Mako uku muka yi a haka, zaman da ya tafi daidai daga farko har ƙarshe ko ɗaya babu.

Duk wannan abin ana yin sa a gaban Bilkisu, matar Mustafa. Ita ke riƙe wa mahaifiyarku hannu a lokacin zaman, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci kafin ta tafi aiki. Aikinta kuwa a ɗakin kwamfuta na wata makarantar 'yan mata yake, ita ke kula da na'urorinsu duka. Na san da haka, amma sanin bai taɓa shiga kaina ba. Shekararta shida a gidan nan, ban taɓa jin wata magana daga bakinta ba in ban da gaisuwa. Za ta durƙusa daga nesa, kai a ƙasa, ta ce, "Baba, an tashi lahiya?" In na shigo tsakar gida ta shige ɗaki. Ni kuma abin yana burge ni, har alfahari nake yi a majalisa cewa Allah Ya ba ni suruka mai kunya irin ta mutanen da. Daga baya na ji cewa tun ranar farko ta ga haɗin nan nawa ta san ba zai yi ba. Washegari ta biya kasuwa ta sayo abin da ya dace, ta jefa a jakarta. Ta kira Mustafa, yana Maraɗi kan harkar kasuwancinsa, ta ce ya gaya mini. Ya ce mata, "Ke, Baba ne fa. Ruha mani asiri." Haka maganin ya yi kusan mako uku yana shiga ɗakin yana fita a cikin jaka, ba mai iya buɗe baki.

Ranar Talata Abba ya kira. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce likita ta gaya masa lokaci yana ƙurewa, zaman Alhamis shi ne na ƙarshe, in bai yi ba ranar Asabar yana hanya. Na san gaskiyarsa ce. Mahaifiyarku tana ji. Ta juya fuska bango, ranar ko kunu ta ƙi sha.

Laraba da hantsi ina kan tsani sai na ji ana buga cokali a ƙarfen gado, da ƙarfi, ba ƙaƙƙautawa. Haka take kira tun da ta kwanta. Na sauko da sauri na shiga. Bilkisu tana rakuɓe a bayan ƙofa, mayafi har goshi. Mahaifiyarku ta kafe ni da ido, ta yi ta kokawa da harshenta, jijiyar wuyanta ta miƙe.

"Alhaji," ta ce. Ta huta. "Yarinya... ta sani."

"Ta san mi?"

"Zauna."

Na zauna a kan kujerar 'yar tsugunno. Abin da ya biyo baya, in na tuna yanzu dariya nake yi, amma a ranar ban yi ba. Tsakanina da Bilkisu bai fi taku uku ba, amma ba ni ta fuskanta ba. Sai ta kalli mahaifiyarku, wadda ko sunanta ba ta iya faɗa a lokacin.

"Hajiya, a gaya ma Baba, don Allah a yi haƙuri. Wayar ga ba irin ta tarho ba ce. Ba ta son haɗi, kuma ba ta son zama kusa da ta lantarki."

Mahaifiyarku ta juyo gare ni, ta ɗaga gira, wai ta isar da saƙo.

"Hajiya," ni ma na ce, raina a ɓace, "ki tambaye ta, shekara nawa ta yi tana haɗa waya?"

"Hajiya, a gaya ma Baba ban taɓa hawa falwaya ba. Waya ta hi komi kyau, gaskiyar Baba ce, in guda ɗaya ce doguwa mai jure ruwa. Sai dai irinta sai an aiko daga Kano, ba za ta iso kahin gobe ba. Akwai wani abu a jakata, in an ba ni izini."

 Na duba sai na ga hawaye yana ɗiga a kan tabarma. A nan jikina ya yi sanyi. Na gane yarinyar nan ta zaɓi a kira ta marar kunya da a ɗauke matar da take jinya. Ni kuwa mako uku ina kare martabar filayata.

"Ke, ɗiyata," na ce, "bar bi ta wajen Hajiya. Hwaɗa mani kai tsaye. Yau ke ce injiniya, ni ɗan aike."

Ta ciro abin. Ɗan ƙarami ne, bai kai ɗan yatsa ba, da 'yar eriya a kansa da igiya mai ɗan tsawo. Ta ce sunansa adafta, aikinsa shi ne ya ba tsohuwar kwamfuta kunnen da za ta ji rauta ta iska, ba waya. Ta soka shi a bayan kwamfutar, kwamfutar ta ce ba ta san shi ba. Ta sa wani ɗan faifai da ya zo tare da shi, ta yi 'yan danne-danne, ta kashe ta kunna. Sai ga jerin sunayen rautocin da ke kusa ya fito a gilashi. Ta aike ni bene in karanto lambar sirrin da ke rubuce a gindin rauta. Na hau, na manta tabarau, na sauko, na sake hawa. Ban yi gunaguni ba.

Abin da ya sa na sallama mata gaba ɗaya shi ne ba ta ce in yarda da ita haka nan ba. Ta ce mu gwada kowace hanya mu gani da idonmu. Ta kira wata abokiyar aikinta ta hoto, ta ce kowace hanya minti goma, ni in riƙe agogo in ƙirga sau nawa hoton ya tsaya. Wannan aiki ne da na sani, haka muke gwada layi a zamaninmu. Muka fara da wayar da na haɗa, na daina ƙirga da muka kai goma. Muka gwada raba intanet daga wayar hannunta, kiran ma bai shiga ba sai da ta fita tsakar gida, kwamfutar kuma ta rasa ta. Sai adafta. Ta nuna mini rautarmu ta fito da suna biyu, ɗaya da lamba biyar a ƙarshensa. Ta ce mai biyar ɗin ya fi sauri amma ba ya ƙetare bango, ɗayan kuwa a hankali yake tafiya amma yana cin nisa. Na ce ashe rediyo ce, da tashar gari mai fita tar amma ba ta wuce bayan gari, da gajeren zango mai zuwa daga wata duniya. Ta ce, "Haka ne, Baba." Karon farko ke nan da na ga murmushinta. Mai saurin ko kamawa bai yi ba. Mai nisan ya kama, amma alamar ƙarfin sabis sanda ɗaya tak, hoton yana tafiya yana ɗingishi. Ya fi haɗina, amma likita ba za ta karɓa ba.

Bilkisu ta tsaya tana duban bangon da ke fuskantar zaure. A jikinsa kabad ɗin jeren mahaifiyarku yake, tun daga ƙasa har kusa da rufi, cike da samiru da tasoshi da fantekoki, wasu tun na aurenta, wasu na mahaifiyarta. Kun san ba mai taɓa su sai ita. Ko tana kwance, in aka goge su ba daidai ba sai cokali ya yi ƙara.

"Baba," ta ce a hankali, "ƙarhe shina tare abin. Ko akwai taga a bayan kabad ɗin ga?"

Akwai. Ni kaina na manta da ita, domin tun kafin a haifi Mustafa aka toshe ta da kabad. Daga ni har Bilkisu ba wanda ya iya duban gado. Sai muka ji ta daga bayanmu.

"A hitar."

Har azahar muna kwashe kwanuka muna jerawa a tsakar gida. Na kira maƙwabta biyu muka ja kabad ɗin gefe, na ɓalle tagar da guduma, ƙura da yanar gizo suka zubo. Ta cikinta kana hango tagar bene sak. Bilkisu ta rataye adaftar a bakin tagar, ta ce in hau in matso da rauta bakin tawa tagar. Ina sama, tana ƙasa tana kallon gilashi tana ɗaga murya.

"Baba, ɗaga sama! A'a, hagu! Hagu na ce! Tsaya nan, kada a motsa!"

Daidai lokacin ƙanwata Hajiya Mairo ta yi sallama ta shigo dubiya. Ta ga jere a zube a ƙasa, ta ga yayanta a taga yana bin umarni, ta ji suruka tana cewa hagu na ce. Ta riƙe haɓa, ko zama ba ta yi ba. Mu kuwa sanda huɗu muka samu. Na riƙe agogo minti goma, na ƙara wasu goma don kaina, hoton bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Ranar Alhamis likita ta yi minti arba'in da mahaifiyarku. Ta ga babban yatsanta ya motsa, mu da ke ɗakin ba mu ma lura ba. Da yamma Abba ya kira wayar Bilkisu, domin ita ke ba shi rahoto, ina zaune a ƙofar ɗaki ina ji. Ya ce likita ta ce a ci gaba a haka, ya fasa zuwa. Ya tambaya yaya aka yi.

"Baba ne ya gyara," ta ce.

 Na ce a raina gobe zan faɗa masa gaskiya. Goben ce ta kai yau. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Hajiya Mairo ta kai labari cikin dangi cewa matar Mustafa idonta ya buɗe, tana daka wa surukinta tsawa, ta watsar da jeren uwar mijinta tun tana da rai. A biki biyu aka yi ta yi mata habaici, har mahaifiyarta ta aiko a ja mata kunne. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe maganar, amma hakan na nufin in faɗi cewa wayata ce ta ƙi, ita ta ceto mu. Na yi shiru. Ita kuma ba ta taɓa kare kanta ba, ta koma durƙuso daga nesa da "Baba, an tashi lahiya?" kamar ba ita ce ta aike ni bene sau biyu ba.

Mahaifiyarku ta ƙara shekara biyu da 'yan watanni. Hannun bai dawo duka ba, amma ta riƙe carbi da shi. Magana kuwa ta dawo har ta koma yi mini faɗa a kan goro. Ta ga auren autarku daga kan gadonta, matan unguwa ba su fasa zuwa hantsi ba ko rana ɗaya. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa, bayan la'asar ne, a ɗakinta, maƙwabtanta na shekara arba'in suna kewaye da ita suna yi mata kalmar shahada. Na gode wa Allah da Ya ba ta wannan. Na gode wa Abba da ya yi haƙuri da taurin kaina, na gode wa likitar da ban taɓa gani ba sai a gilashi.

Saura mutum ɗaya. Duk abin da nake rubutawa a littafin nan da biro, Mustafa ke ɗauka ya kai ɗakinsu, Bilkisu ta buga a kwamfuta. Don haka kafin kowa ya karanta shafin nan, ke za ki fara gani, kuma na san halinki, za ki ce a cire. Ban yarda ki cire ko harafi ɗaya ba. Ki buga shi yadda yake, ki ba kowannensu nasa, ki aika wa Hajiya Mairo nata. Ke kika bar mini matata a ɗakinta har ƙarshen kwananta. Na gode, ɗiyata. Ki yafe mini.